Akwatin Baba Soja

A wani gari na ƙasar Arewa, ba nisa da Dogon Dutsi, an yi wani dattijo da kowa yake kira Baba Soja. Yara da yawa sun girma a gabansa ba su san ainihin sunansa ba. Dogo ne, siriri, yana tafiya a miƙe ko bayan da ya fara dogara sanda. Ran Lahadi yakan riga kowa zuwa majami'a, ya goge bencinsa da hularsa, ya zauna yana jiran a taru.

A ƙarƙashin gadonsa akwai wani akwatin ƙarfe wanda koren fentinsa ya koɗe. Daga yaƙin Aljeriya ya zo da shi. Ba ya ajiye kuɗi a ciki, ba ya ajiye tufafi. Takardu ne kawai, an naɗe su cikin tsohon zane saboda gara: littafinsa na soja, takardun albashi, wasiƙu masu hatimi, da hoto ɗaya na wani saurayi mai jar hula wanda jikokinsa suka ƙi yarda cewa shi ne.

Baba Soja ya yi wa hukuma aiki shekara 39. Ya yi 6 a sojan Faransa, ya yi 7 a sojan Nijar, sa'an nan ya yi 26 yana tuƙa motar gwamnati. Ranar da ya ajiye aiki aka ƙirga masa 26. Sauran 13 ɗin suna nan cikin akwati, an rubuta su, an buga musu hatimi, amma ba su shiga lissafin fanshonsa ba. Labarin yadda suka zube a hanya ya cancanci a ji shi, gama har wa yau samari suna tuɓe kakin soja suna shiga aikin farar hula, kuma mararrabar da ya tsaya a kanta tana nan.

An ɗauke shi soja a 1955, yana da shekara 19 bisa ƙiyasin wanda ya duba haƙoransa. A zamanin nan hukumar Faransa takan aika wa sarakuna yawan samarin da take so daga kowace ƙasa, a tara su a fili, likita ya duba, a zaɓa. Wa'adin aikin tilas shekara 3 ne. Magatakarda ya tambayi sunansa da na ubansa, ya rubuta yadda kunnensa ya jiye masa, ya sa shekarar haihuwa 1936, ya ba shi lamba. Aka ce masa ya haddace lambar nan, domin da ita za a kira shi, da ita za a biya shi, da ita kuma za a sanar da gida in ya mutu.

Duk baƙaƙen sojojin da Faransa ta tara daga Afirka ta Yamma, 'yan Sanigal ake kiransu, ko mutum bai taɓa ganin Dakar ba. Da wannan suna aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Aljeriya, inda yaƙi ya ɓarke tun watan Nuwamba 1954. Bai cika son ba da labarin abin da ya gani can ba. In yara sun matsa masa, yakan ba su labarin sanyin duwatsu, yadda ruwa yake daskarewa cikin gora, da yadda ya koyi tuƙin babbar mota a hannun wani Bature mai yawan zagi. Da wa'adinsa ya cika ya sake sa hannu, gama albashin soja yana biya wa gidansu haraji har ya yi saura.

Nijar ta sami 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960. A 1961 aka kafa rundunar sojan ƙasa, kuma yawancin waɗanda suka fara riƙe ta daga sojan Faransa aka dawo da su. Seyni Kunce, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, yana cikin waɗanda suka sauya kaki a shekarar nan. Baba Soja ma haka. A dokar Faransa ta lokacin, sai soja ya yi shekara 15 yake samun fansho. Shi kuwa 6 ya yi. Aka ba shi kuɗin sallama dunƙule, ya sa hannu, ya yi murna ƙwarai. Da kuɗin nan ya sayi keke, ya rufa wa uwarsa ɗaki, ya kai kayan aure.

A waɗannan shekaru ne kuma aka yi masa baftisma, ya ɗauki sabon suna kamar yadda mutane da yawa suke yi a lokacin. Da sabon sunan ya yi katin shaida na sabuwar ƙasa. Aka ɗaura masa aure a gaban ikkilisiya, fasto ya rubuta a littafin majami'a, aka ci, aka sha, aka watse. Ba wanda ya yi tunanin zuwa ofishin hukuma a rubuta auren. Dukan gari sun shaida, wa zai yi musu?

A 1968 ubansa ya rasu. Gonaki suka zauna ba mai duba su, ƙannensa ƙanana ne, matarsa tana da goyo, shi kuwa ana ta canja masa bariki, yau Damagaram, gobe Agadas. Da wa'adinsa ya ƙare bai sake sa hannu ba. Ranar sallama aka kira shi ofis, aka ƙirga masa wasu kuɗi, aka nuna masa inda zai sa hannu. Ya ɗauka kyauta ce irin ta 1961. Ashe kuɗin da ake cirewa daga albashinsa kowane wata saboda tsufansa ne aka mayar masa. Da ya karɓa, shekarunsa 7 suka fita daga littafin asusun ritaya.

Tare da shi aka sallami wani abokinsa, mutumin Tawa, wanda suka kwana tanti ɗaya tun Aljeriya. Su biyu suka tafi neman aikin gwamnati, aka nuna musu ƙofa biyu. Ta fari ita ce a yi jarrabawa, in an ci a shiga horo, bayan shekara ɗaya ta gwaji a tabbatar da mutum cikakken ma'aikacin gwamnati. Akwai jarrabawar masu tsaron gandun daji tana zuwa bayan 'yan watanni, ana kuwa son tsofaffin sojoji a wannan aiki. Ta biyu ita ce a ɗauki mutum nan take a matsayin ma'aikacin taimako, irin direbobi, masu gadi, masu dafa abinci da masu kai takardu. Ba jarrabawa, ba jira. Ofishin kumandan na kusa da garinsu yana neman direba a makon nan.

Abokin ya ce, “Ɗan'uwa, mu daure mu yi jarrabawar nan. Faransancin da muka tsinta a bariki zai ishe mu.”

Baba Soja ya ce, “Damina ta kusa, ba ni da hatsin da zan zauna jira. Aikin gwamnati ai aikin gwamnati ne. Mota ɗaya, tuta ɗaya, albashi ƙarshen wata.”

Abokin ya yi shiru, gama shi ma bai san wani bambanci ba, sha'awar kaki ce kawai take jansa. Suka yi sallama a tashar mota.

Ga bambancin da ba su sani ba. A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, ma'aikatan hukuma ba rumbu ɗaya suke zuba hatsin tsufansu ba. Soja da cikakken ma'aikacin gwamnati suna zubawa a asusun ritaya na ƙasa, wanda a wancan zamani ake kira FNR, daga baya CARENI ta gaje shi. Ma'aikacin taimako kuwa, ko da yake gwamnati ce take biyansa, a asusun ma'aikatan kamfanoni ake rubuta shi, wato CNSS, wadda aka kafa a 1965. Kowane asusu yana da littafinsa da dokarsa. Wanda ya fito daga soja ya zama cikakken ma'aikaci bai bar rumbunsa ba, ana iya ɗora sababbin shekarunsa bisa tsofaffi. Wanda ya zama ma'aikacin taimako ya koma wani rumbu dabam, kuma daga ranar da aka rubuta shi can ake fara ƙirga masa.

Baba Soja ya riƙe aikinsa da aminci. Kumandan ya zo, kumandan ya tafi, shi yana nan. A yunwar 1973 da 1974 ya kwana bisa hanya yana kai hatsin taimako ƙauyukan da mota ba ta taɓa shiga ba, ya ga abin da ya tuna masa da Aljeriya. Da Kunce ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, ya ce wa matarsa, “Wannan ya san irin takalmin da muka sa.” A shekarun nan manyan sojoji da yawa da suka san shi suna riƙe da ofisoshi. Da ya ɗauki akwatinsa ya je ya tambayi matsayin shekarunsa, da ya sami mai saurarensa. Bai je ba. Takardar albashi tana zuwa kowane wata da layin da ke nuna an cire wani abu saboda ritaya. Yana ganin layin, hankalinsa a kwance. Bai taɓa tambaya ko ina kuɗin yake zuwa ba.

Ya ajiye aiki a 1994, shekara mai wuya. A watan Janairu aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan kanti da magani suka yi tsada. Albashin ma'aikata kuma a shekarun nan yakan yi wata biyu, wata uku bai zo ba. Ya sa rigarsa ta Lahadi, ya ɗauki akwati, ya shiga mota zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 250. Ya kwana gidan wani ɗan ƙauyensu, da sassafe ya shiga layi.

Ma'aikacin da ya karɓe shi yaro ne, sa'an ɗansa na uku. Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ware na tuƙi gefe guda, ya tattara na soja ya miƙa masa.

“Baba, waɗannan ba namu ba ne. Mayar da su akwati.”

“Yaro, shekara 13 ce ka miƙo mini.”

“Na gani, Baba. Amma a littafinmu daga 1968 kake.”

“Wanda na yi wa aiki kafin 1968 fa, ba gwamnati ba ce?”

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Gwamnati ce, Baba. Asusu ne ba ɗaya ba.” Ya rubuta masa sunan wani ofis a 'yar takarda. Can aka buɗe wani babban littafi, aka nemo lambarsa, aka nuna masa sa hannunsa na 1968 a gefen kuɗin da ya karɓa. Ya gane hannunsa. Ya tsaya yana dubansa, sa'an nan ya yi godiya ya fita.

Fanshon shekara 26 na albashin direba ba mai yawa ba ne, kuma duk wata uku ake biyansa a lokacin. Da ya koma gida matarsa ta ga fuskarsa, ba ta tambaye shi kome ba sai da ya ci tuwo. Da ya faɗa mata, ta ce, “Malam, gona tana nan. Ba a cire mana ita daga littafi ba.” Ya koma noma yana da shekara 58.

Bayan shekara biyu abokinsa na Tawa ya kawo masa ziyara. Shi ma ya yi ritaya, ya yi furfura, ya yi ɗan tumbi. Da dare suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa ya kawo takardunsa, suka ɗora fitila a tsakani. Abokin ya ba da labarinsa. Shi ma ya karɓi kuɗin 1968, shi ma ya cinye su. Amma sa'ad da aka tabbatar da shi a aikin gandun daji, wani tsohon magatakarda ya ga littafin soja a hannunsa, ya kira shi gefe, ya ce masa ya rubuta takardar roƙo a haɗa masa shekarunsa tun wa'adi bai wuce ba, ya kuma yarda a riƙa cire abin da aka mayar masa kaɗan kaɗan daga albashi. Ya yi gunaguni a lokacin, gama albashin bai isa ba. Ya dai sa hannu. Da ritaya ta zo aka ƙirga masa shekarunsa na sojan Nijar tare da na gandun daji, bisa albashinsa na ƙarshe.

Abokin ya ji kunya, kamar ya ci wani abu a ɓoye. Ya ce, “Ba wayo na fi ka ba. Wani ne ya kira ni gefe.”

Baba Soja ya ce, “Ni ba wanda ya kira ni, ni ma ban kira kowa ba. Rashin sani ne, kaza ta kwana kan dami.”

Kafin abokin ya tafi ya tambaye shi ko ya karɓi katin mazan jiya na Faransa. Baba Soja bai taɓa nema ba. Faransa ta daɗe ba ta kiran abin da ya faru a Aljeriya yaƙi ba, kwantar da tarzoma take ce masa. A watan Disamba 1974 ta yarda a ba waɗanda suka yi faɗa a Afirka ta Arewa katin, kuma sai a watan Oktoba 1999 dokarta ta kira shi yaƙi. Mai wannan kati yana da ɗan kuɗin girmamawa da ake fara biya in ya cika shekara 65, sau biyu a shekara. Wannan dabam yake da fanshon shekara 15, bai kuma dogara ga yawan shekarun aiki ba.

Nan wata matsala ta fito. Littafin sojan Faransa yana ɗauke da sunan da aka haife shi da shi, a rubutun magatakarda na 1955. Katin shaidarsa yana ɗauke da sunansa na baftisma. A idon takarda mutum biyu ne. Wani malamin makaranta na ikkilisiyarsu ya rubuta masa wasiƙa zuwa garin Po a kudancin Faransa, inda ake ajiye takardun tsofaffin sojoji. Malamin ya ce, “Baba, da wane suna zan rubuta?” Baba Soja ya miƙe tsaye, ya faɗi lambarsa da Faransanci, a tsari, ba gargada, kamar yana fili da asuba. Da lambar aka nemo shi. Bayan watanni amsa ta zo, da jerin duk inda ya yi aiki, rana da wata. Sa'an nan ya kai tsofaffi biyu na ƙauyensu gaban alƙali, suka shaida cewa mai sunan fari da mai suna na biyu ɗan mutum ɗaya ne. Aka ba shi takarda. Ta shiga akwati.

Ya cika 65 bisa lissafin Faransa a 2001. Kuɗin da ya fara karɓa ya ba shi dariya, gama kuɗin mota zuwa Yamai da dawowa ya kusa cinye shi. Dalili kuwa tsohuwar doka ce. A watan Disamba 1959, da Faransa ta ga ƙasashen da take mulki za su fita hannunta, ta kafa doka cewa haƙƙin tsofaffin sojojin waɗannan ƙasashe zai tsaya cik a inda yake. Na Faransawa ya yi ta hawa tare da tsadar rayuwa, na 'yan Afirka ya daskare. Bayan shekara 40, mutum biyu da suka kwanta rami ɗaya, ɗaya yana karɓar ninkin na ɗayan sau da yawa.

Wani tsohon saje ɗan Sanigal, Amadu Diop, wanda ya yi wa Faransa aikin soja daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara a kan wannan. Ran 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun da ke shari'a tsakanin mutane da hukuma a Faransa ta ce yana da gaskiya, ba a bambanta tsofaffin ma'aikata saboda ƙasarsu. Shi Diop bai ji hukuncin ba, ya rasu tun 1996. A ƙarshen 2002 aka yi ɗan ƙari bisa tsadar rayuwar kowace ƙasa. A 2006 wani fim mai suna Indigènes ya tuna wa Faransawa da sojojin Afirka ta Arewa da suka yi musu yaƙi, maganar ta sake tashi, daga 1 ga Janairu 2007 aka daidaita kuɗin katin mazan jiya da na waɗanda suka naƙasa a yaƙi. Fanshon shekarun aiki kuwa sai da kotun tsarin mulki ta yi hukunci ran 28 ga Mayu 2010, aka daidaita shi daga farkon 2011. A lokacin yawancin masu haƙƙin suna kabari.

Baba Soja yana cikin waɗanda suka ga 2007 da idonsu. Kuɗin katinsa ya haura jika 300 na sefa a shekara. Ya sayi buhunan hatsi, ya biya wa jikoki biyu kuɗin makaranta, ya sa wa ɗakin matarsa kwano. Amma ya riga ya koyi tambaya. Da ya je karɓa ya ce wa mai biya, “Yaro, in na mutu, wa zai karɓi wannan?”

“Ba kowa, Baba. Kuɗin kati da mai kati yake tafiya.”

Ya wuce ofishin fanshonsa na tuƙi, ya yi tambaya iri ɗaya. Aka ce masa matar mamaci tana samun rabin fanshon mijinta, in ta kawo takardar aure ta hukuma. Ya ce akwai littafin majami'a. Aka ce masa littafin majami'a shaida ce mai kyau a gaban alƙali, amma ofis takardar hukuma yake karɓa.

Ya koma gida ya ce wa matarsa ta shirya, za su kotu. Ta ajiye taɓarya.

“Malam, me na yi?”

“Aure za a rubuta mana.”

“Bayan 'ya'ya bakwai? Wanda aka ɗaura mana fa, ya ƙare ne?”

“Yana nan. Gwamnati ce ba ta zo biki ba.”

Fasto ya nemo tsohon littafin, gara ta ci gefensa amma layinsu yana nan. Cikin waɗanda suka halarci auren, mutum biyu suka rage masu iya hawa mota. Aka tafi da su. Alƙali ya duba littafin, ya ji shaidu, ya yanke hukuncin da ke tsayawa a madadin takardar aure. A hanyar dawowa jikoki suka tarye su suna guɗa, suna kiran kakarsu amarya. Ta kore su da mayafi, amma mako guda ana jin ta tana dariya ita kaɗai a madafa.

Tun daga lokacin Baba Soja ya ɗora wa kansa wani aiki. Duk saurayin garin da ya ji zai bar soja, ko jandarma, ko zai canja aiki cikin gwamnati, yakan aika a kira masa shi. Ya sa a jawo akwati, ya buɗe, ya shimfiɗa takardu bisa tabarma kashi uku: na Faransa, na sojan Nijar, na tuƙi. Ya ce wa yaron ya nuna kashin da ke ciyar da shi. Sa'an nan ya fara.

Yakan ce, kafin ka tambayi nawa ne albashin sabon aiki, tambayi wane asusu za a rubuta ka. In asusunka na soja ne, nemi a haɗa maka shekarunka a rubuce, tun shekarar fari, kada wa'adi ya wuce ka. In wani asusu ne dabam, ka san daga fari za ka soma, ka ƙirga ko shekarun da suka rage maka za su kai abin da dokarsu take nema. In ya rage maka kaɗan ka cika shekarun fanshon soja, daure ka cika kafin ka fita. Duk kuɗin da aka miƙo maka ranar sallama, kada ka sa hannu sai ka ji sunansa, domin wani kuɗin kyauta ne, wani kuwa tsufanka ne ake mayar maka. Ka duba sunanka da shekarar haihuwarka a kowace takarda, su zama ɗaya. Ka rubuta aurenka da haihuwar 'ya'yanka a hukuma. Doka takan canja, saboda haka kada ka dogara ga abin da tsoho ya faɗa maka, je ofis ka ji ta yau, ka roƙa a rubuta maka amsar.

Waɗansu samarin sukan saurara don girmansa kawai, idonsu yana kan babur ɗinsu. Wani ya ce masa, “Baba, ni shekarata 29. Ritaya ai da sauran nisa.” Baba Soja ya ɗauko hoton nan na mai jar hula, ya ba shi ya riƙe. Ya ce, “Wannan ma haka ya ce.” Amma akwai waɗanda suka ji. Wani ɗan ƙanwarsa ya fasa fita, ya ƙara shekara biyu a bariki ya cika nasa. Wani kuma ya ƙi aikin gadi da aka ba shi nan take, ya zauna wata takwas yana karatun jarrabawa, matarsa tana sayar da ƙosai.

Bai taɓa zagin Faransa a gaban yara ba, bai kuma zagi gwamnati ba, ko da yake in an tambaye shi yakan faɗi gaskiya cewa dokar 1959 zalunci ce, kuma hukumar da ta san asusu biyu ne ya kamata ta faɗa wa wanda take ɗauka aiki. Abin da ya fi maimaitawa shi ne nasa kason. Ya ce soja ya koya masa ya karɓi umarni ba tambaya, ya fito da wannan hali zuwa inda tambaya ce take ceton mutum.

Ya rasu a 2013, da kaka, bayan an gama yankan gero. Kuɗin kati ya tsaya kamar yadda aka faɗa masa. Bayan makoki babban ɗansa ya jawo akwatin. A bisa duk takardun akwai ambulan guda, an rubuta a bayansa da Hausa, da manyan baƙaƙe irin na wanda ya koyi rubutu da girma: na uwarku ne, ku kai Yamai. A ciki akwai hukuncin alƙali na aure, da takardar shaidar suna, da lambar fansho. Tafiya ɗaya suka yi. Tsohuwar ta karɓi rabin fanshon mijinta har ƙarshen ranta.

Akwatin yana hannun wani jikansa yanzu, wanda shi ma ya yi kaki. An ce in abokan aikinsa sun zo masa da zancen barin soja, yakan tambaye su wane asusu za a rubuta su.